Ranar da Yuldash Ya Karɓi Surukai da Babi na Tara

Ku matso ku ji. Wanda kuma ya san Yuldash ya kame bakinsa har in kai ƙarshe.

Mijin yayata ne, don haka ba wanda zai hana ni faɗin gaskiya a kansa. Duk unguwarmu a garin Margilan ba wanda ya kai shi sanin abin da bai sani ba. In ka ce ka taɓa hawa raƙumi, zai ce ai shi ya koya wa raƙumin durƙuso. Shekara talatin yana yanka tikiti a tashar mota. Da ya yi ritaya ya rasa wanda zai yi wa iko sai yayata Sanobar, ita kuwa ba ta ɗaukar raini.

Ni sunana Tolib, dafa osh ne sana'ata. Biki ne, suna ne, zaman makoki ne, in dai ka ci shinkafa da karas da naman rago a unguwar nan har ka lashe yatsa, to hannuna ne. Na faɗa ne don ku san ba ƙaramin mutum aka wulaƙanta ba.

Wata Lahadi Yuldash ya dawo daga kasuwa da wani tsohon littafi mai jan bango, irin na masu koyon Turanci. Shafin hagu Turanci, shafin dama harshenmu. Ba abin da babu a ciki: dabbobi, koguna, taurari, yadda Turawa ke gaisawa, yadda suke cin abinci. Shafin hagu bai taɓa samun matsala da Yuldash ba, don ko kallonsa ba ya yi. Na dama ya haddace, ya fito yana cewa ya iya Turanci.

Gidan shayi ne ya fara shan wahala.

"Jama'a, wace dabba ce ta fi kowace girma a duniya?"

Holmat wanzami ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Uwar matata."

"Ka ji jahilci! Wani kifi ne a teku, kuma ba kifi ba ne."

"To kifi ne ko ba kifi ba?"

"Kifi ne wanda ba kifi ba. Shafi na arba'in."

Holmat ya ce, "To, Allah ya ba shi lafiya."

Da abin ya tsaya a gidan shayi da ba komai. Sai dai akwai Munisa, 'yarsu guda ɗaya tak, ma'aikaciyar jinya, yarinya mai hankali, wanda ko shakka babu daga ɓangarenmu ta gado shi. Shekara biyu suna son juna da wani yaro Jasur, mai zagayawa da Turawa 'yan yawon buɗe ido a birnin Samarkand. Matan gidansu sun zo sau biyu, sau biyu aka sallame su da "sai mun yi shawara", yadda ake yi. Ranar Alhamis maza za su zo. In aka karya gurasa a gaban dattawa, magana ta tabbata. In suka koma da gurasarsu a ƙulle, shi ke nan, ba mai dawowa karo na huɗu.

Saura kwana uku Yuldash ya tara mu a tsakar gida, littafi a hammata.

Ya ce, "Maman Munisa, yaron nan da Turawa yake wuni. Kina tsammanin danginsa a ƙasa suke zama irinmu? Ba zan yarda su ce 'yata daga gidan duhun kai ta fito ba. Babi na tara za mu bi: yadda ake karɓar baƙo."

Yaya Sanobar ta ce, "Baban Munisa, kawun yaron makiyayi ne. Shekara hamsin yana bin tumaki a kan duwatsu."

"Makiyayi wayayye. Ke me kika sani?"

Munisa ta ce a hankali, "Baba, don Allah a yi yadda kowa ke yi."

"Yadda kowa ke yi? Ni kowa ne?"

Na ce, "A'a, Yaya, kai kam Allah bai yi biyunka ba, kuma mun gode masa."

Ya ɗauka yabo ne, har da gyara hula.

Washegari ya manna takarda a ƙofar gida, wai ba a shiga sai an sanar tun da wuri, haka Turawa ke yi. Wadda ta fara cin karo da takardar Gwaggo Zulfiya ce, maƙwabciyarsu, ta ɗauko katifun zama a ka, yadda take kawowa duk gidan da za a yi baƙi.

Yuldash ya tare ƙofa. "Gwaggo, kin sanar?"

"In sanar da wa? Ni na yanke wa Munisa cibiya a ɗakin can!"

"Wancan zamanin ya wuce. Ki dawo Asabar, ƙarfe huɗu."

"Asabar? Baƙin ba Alhamis za su zo ba?"

"Ba ma buƙatar katifu. Kujeru za mu hau."

Gwaggo ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta juya da katifunta. Kafin la'asar ba gidan da labari bai shiga ba. Ranar Alhamis kuwa, abin mamaki, kowa a unguwar ya tuna yana da aiki a kan rufin ɗakinsa. Masu shanya tuffa, masu gyaran bututu, har wanda ƙafarsa ke ciwo wata uku sai da aka tura shi sama.

Kujerun daga makarantar firamare ya aro su, tunda ana hutu. Na 'yan aji ɗaya aka ba shi, da teburansu. Ya jera su ƙarƙashin inabi, ya tsaya yana kallonsu da alfahari cikin kwat ɗin aurensa, wadda rabonta da rufe cikinsa shekara ashirin, ga 'yar igiyar wuyan nan ta Turawa ta shaƙe shi har idanunsa sun firfito.

Ni dai na kama aikina tun da hantsi. Jar shinkafa, karas yankan hannu, kitsen bindin rago, tafarnuwa dunƙule-dunƙule na binne a tsakiya. Na ce a raina, ko me mutumin nan zai ɓata, osh zai gyara.

Bayan azahar suka iso. A gaba Kawu Normat, kawun Jasur, dogo, farin gemu, ba ya son yawan magana. Bayansa dattawa biyu, ɗaya siriri riƙe da ƙullin gurasa a farin ƙyalle, ɗaya mai ƙiba yana jan wani rago na kyauta. Rago ne fa! Bindinsa kaɗai ya cika daro, yana tafe yana rawa. Har masu leƙe daga sama sai da suka ce masha Allahu. Aka ɗaure shi a jikin itace. Ta ɓangarenmu Holmat wanzami ne shaida.

Kawu Normat ya ɗora hannu a ƙirji ya fara, "Mun same ku lafiya? Ya iyali, ya yara, ya..."

Yuldash ya cafke hannun dattijon ya girgiza shi kamar mai buga famfo, ya ce, "Yau da alama za a yi ruwa."

Kawu Normat ya ɗaga kai. Tsakiyar bazara, sama fes, ko gajimare ɗaya babu.

Ya ce, "Allah ya kawo."

Holmat ya raɗa mini, "Me ya kawo zancen ruwa?"

"Littafi ya ce da zancen yanayi ake buɗe hira."

"Lafiyar iyali fa?"

"Wai shiga sirrin mutane ne."

Aka nuna musu kujeru. Kawu Normat ya naɗe kansa ya zauna, gwiwoyinsa suka taɓo gemunsa. Siririn ya ɗosana. Mai ƙibar ya yi bisimilla ya tura jikinsa da kyar, kujerar ta yi ƙara ta riƙe shi gam.

Yuldash ya ɗauki buta ya tsiyaya shayi har bakin kofi, fal, yana neman zuba. A garin nan ko yaye ya san ɗan kaɗan ake zubawa a gindin kofi, don baƙo ya daɗe ana ƙara masa. Kofi cike, ma'anarsa sha ka tashi.

Na matso kunnensa. "Yaya, korarsu kake yi?"

"Babi na tara: mai gida nagari yakan cika kofi. Koma wajen tukunyarka."

Kawu Normat ya dubi kofin, ya dubi Yuldash. "Malam Yuldash, ai yanzu muka zo."

"Shi ya sa. Ku sha da zafinsa."

Kofunanmu ba su da mariƙi, in an cika su ba inda za ka kama. Mai ƙibar ya ɗauka, yatsunsa suka ƙone, ya saki, shayin ya zube masa a cinya. Ya zabura ya miƙe yana salati, kujerar ta miƙe tare da shi. Sai da ni da Holmat muka taru, ɗaya na riƙe da mutum ɗaya na jan kujera, sannan muka raba su. Daga kan rufi wani ya shaƙe da dariya har aka yi ta bubbuga masa baya.

Na ce to, lokacina ya yi. Na juye osh a babban faranti, na jera nama a sama, na ɗauko shi yana tururi. Wallahi na ga maƙogwaron siririn nan ya motsa. Mutanen nan tafiyar awa uku suka yi, kuma ba mai cin komai a gida in zai je neman aure.

Yuldash ya ɗaga hannu. "Tsaya nan, Tolib. Tambaya ake yi tukuna." Ya juya gare su. "Za ku ci abinci?"

Kawu Normat ya amsa yadda kowane ɗan mutunci zai amsa. "A'a, a'a, kada ku wahalar da kanku, mun ci a gida."

"To, madalla. Tolib, mayar."

Na tsaya da faranti a hannu. Na ce ko kunnena ne.

"Yaya, ka sake cewa su ci mana."

"Littafi ya ce in baƙo ya ce a'a, kada a matsa masa. Rashin ladabi ne."

"Littafin nan ya taɓa jin yunwa?"

"Mayar, na ce!"

Shekara ashirin da biyu ina wannan sana'a, ba a taɓa mayar mini da faranti ba a taɓa shi ba. Raina ya ɓaci. Na juya, idanu shida suka raka ni har bakin madafa.

Daga sama muryar Gwaggo Zulfiya ta tashi, "Ya mayar da osh! Wallahi ya mayar!" Na ji ana miƙa maganar daga rufi zuwa rufi har ƙarshen layi.

Yuldash ya ga ya kamata ya nishaɗantar da baƙi, ya buɗe littafi ya tura wa Kawu Normat wani hoto a hanci.

"Kawu, kai da ke harkar dabbobi, ga tunkiya ta gaskiya. Dubi bindinta, siriri, tsaf. Wannan ragon da kuka kawo, ban so in faɗa ba, amma ilimi amana ne. Abin nan na bayansa kumburi ne. A kai shi wajen likita tun bai fashe ba."

Holmat ya rufe fuska da hannu biyu.

Kawu Normat ya ce, "Kumburi."

"Kumburi. Ba laifinku ba ne, rashin karatu ne."

"Shekara biyu ina ba ragon nan sha'ir da hannuna. Mutum huɗu suka taya shi na hana, na ce na auren Jasur ne."

"Ka ga da ka sayar tun ciwon bai fito ba."

Dattijon ya warware ƙafafunsa daga kujera ya miƙe, a hankali, ba faɗa ba hayaniya. Ya ce wa siririn, "Ɗauko gurasar." Ya ce wa mai ƙibar, "Kwance ragon."

A bayan labulen taga na ji wani ɗan sauti, irin na wanda ya toshe bakinsa da mayafi. Munisa ce. Nan take dariya ta bar ni. Yarinyar nan ni na goya ta a kafaɗa zuwa kasuwa, yau ga aurenta ana kwance shi daga jikin itace, ubanta ko lura bai yi ba. Tausayinta ya kama ni, na ji kamar in kifa masa tukunyar a ka.

Shi kuwa gogan naku ya sha gabansu. "Ku tsaya in nuna muku inda kumburin ya fara. Kada ku ji tsoro. Shafi na sittin: tunkiya dabba ce mai sanyin hali, tsoro gare ta."

Ya je ya sunkuya, goshinsa saitin goshin ragon, ya ƙura masa ido, ya ɗan bubbuga masa kai. Ragon ya huro hanci. Littafin ya zame daga hammatarsa ya faɗi. Yuldash ya juya, ya duƙa zai ɗauka.

Kawu Normat ya ce, "Kada ka ba shi baya."

"Kawu, a bar wa masu ilimi."

Igiyar kuwa an riga an kwance ta. Ragon ya ja da baya taku uku.

Ƙarar da ta fito, Gwaggo Zulfiya ta rantse har bakin masallaci an ji ta. Yuldash ya tashi sama, hula ta yi gabas, littafi ya yi yamma, shi kuma ya sauka rub da ciki a 'yar hanyar ruwan da ta ratsa tsakar gidan, daidai inda agwagin Yaya Sanobar suka mayar da wurin taɓo. Wandon aure ya tsage daga ƙugu har gwiwa. Rufin unguwa gaba ɗaya ya ɗauki ihu, tuffar da aka shanya ta yi ta gangarowa ƙasa.

Kawu Normat ya tako har bakin ruwan, ya leƙa. "Malam Yuldash, in ba ka hannu?"

Kun san mutum in ya sha wuya, harshen iyayensa ke dawo masa. Yuldash ya ɗago kai, taɓo na ɗiga daga gashin bakinsa, ya ce, "A'a, a'a, Kawu, kada ka wahala."

Dattijon ya ce, "To, madalla." Ya juya ya nufi ƙofa.

Ya bar shi a ciki! Holmat ya zauna a ƙasa daɓas, hawayen dariya na zuba.

Amma fa tafiya suke yi da gaske, gurasa a ƙulle. Saura taku biyu su fita sai ga Yaya Sanobar ta fito daga ɗaki, mayafi a karkace, ta riga su ƙofar, ta yage takardar nan ta sanarwa, ta tsaya ta ware hannuwa.

"Kawu, ba mai fita gidan nan da yunwa."

"Mun ƙoshi, 'yata."

"Ku ci."

"Wallahi kada ki damu, mun..."

"Don girman Allah ku ci, ko loma ɗaya ce. In kuka fita haka, da wane ido zan dubi unguwa? Ku ci, Kawu. Ku ci."

Kawu Normat ya dube ta. Cikin mai ƙibar ne ya ba da amsa, da ƙarfi, kowa ya ji.

Dattijon ya ce, "To, tunda kin matsa."

Gwaggo Zulfiya ba ta jira Asabar ba. Daga kan rufi ta dinga jefo katifu, ɗaya bayan ɗaya. Muka watsar da kujerun bayan madafa, aka shimfiɗa ƙyallen abinci a ƙasa, aka zaunar da Kawu Normat a can sama nesa da ƙofa. Na zuba masa shayi ɗan kaɗan a gindin kofi, na miƙa da hannun dama, na hagu a ƙirji. Ya karɓa ya yi ajiyar zuciya. Na dire faranti. Ba wanda ya ƙara cewa uffan sai da aka ga gindinsa, na ƙaro na biyu.

Kawu Normat ya ce, "Wa ya dafa?"

Na ce, "Ni ne, Kawu."

"Allah ya yi wa hannunka albarka. Jasur ya ce mini Turawan da yake yawo da su teku suke ƙetarowa don su zauna a ƙasa su ci irin wannan. Wai har hoto suke ɗaukar kofin shayi."

A lokacin mun riga mun tsamo Yuldash, mun ɗauraye shi da bokiti biyu, na ara masa rigata. Ya zo ya tsaya a gefen shimfiɗa, ƙiƙam.

Holmat ya ce, "Zauna mana, Malam."

"Turawa a tsaye suke cin abinci."

"Wane shafi?"

Yuldash ya kai hannu baya ya shafa a hankali, ya cije leɓe.

Da aka wanke hannu, Kawu Normat ya jawo farin ƙullin ya kwance. Gurasa biyu, fuska da fuska. Ya ɗora hannu a kansu. Masu rufi suka yi tsit, har agwagi suka yi shiru.

Ya ce, "Malam Yuldash, na lura a gidan nan sau ɗaya ake tambaya, kuma abin da mutum ya faɗa shi ake ɗauka. To ni ma sau ɗaya zan tambaya. Kun ba ɗanmu Jasur 'yarku Munisa?"

Uban yarinya ba ya cewa e a karon farko, sai ya ɗan ja aji, kada a ce ya gaji da ita. Kuma mun ga abin da dattijon nan ya yi a bakin ruwa. Na dubi Yuldash. Ya gyara murya, ya turo ƙirji, ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Wato duk yau bai tuna da al'ada ba sai yanzu.

Ya fara, "To, wannan magana, sai mun yi sha..."

Akwai saura a faranti. Na cika hannuna da osh, har da guntun kitse, na miƙe na danna masa a baki, yadda ake ciyar da babban baƙo don girmamawa. Na girmama shi sosai, har sai da yatsuna suka taɓo hanƙarsa.

Yaya Sanobar ta ce, "Mun ba ku!"

Holmat ya ce, "Mun ba ku!"

Rufin unguwa kaf ya amsa, "Mun ba ku!" Har daga bayan labule wata siririyar murya ta fito da ita, abin da ba a taɓa ji ba a Margilan.

Kawu Normat bai motsa ba. Ya ce, "Uban nake jira."

Yuldash na tsaye, kumatu sun kumbura, ido ya yi ja, yana kokawa da lomar. Ya miƙa wuya ya sunkuyar da kai don ta wuce, ya ɗago, ya sake sunkuyarwa.

Holmat ya yi tsalle. "Ya gyaɗa kai! Sau biyu ma! Ni shaida ne!"

Gefen gemun dattijon ya motsa, na ga yana danne dariya. Ya ce bisimilla, ya karya gurasar. Muka ɗaga hannu aka shafa fatiha, mata suka ɓarke da guɗa daga sama, a bayan labule kuma Munisa ta saki kukan da ta riƙe tun azahar.

Na dafa wa mutum dubu osh a rana ɗaya, na dafa wa manya, na dafa wa alhazai. Amma wallahi ban taɓa dafa wanda ya yi aikin wannan loma ɗaya ba.